Yatsu Biyu a Bangon Dulcie

Duk wanda ya taɓa zama a Wallaroo, garinmu na bakin teku, ya san Desmond Pascoe, in bai san fuskarsa ba to ya zauna a kan kujerar da ya ƙera. Des muke ce masa. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana kafinta. Siriri ne, maganarsa ba ta da yawa, kullum da sukudireba soke a aljihun riga kamar yadda wasu ke soke biro. In ya shigo gidanka, kafin ku gama gaisawa ya tsokani gindin tagarka da ita, ya gaya maka saura shekara nawa katakon ya ruɓe. Ba ya ƙarya, ba ya ha'inci, bai taɓa rufe ruɓa da fenti ba. Mutumin kirki ne ta kowace fuska, sai fa in an ambaci sunan Kelvin Hocking. Nan take za ka ga ya haɗe rai kamar ya tauna lemon tsami.

Kel maƙwabcinsa ne, katangar kwano ce kawai tsakaninsu, kuma tare suka tashi tun suna yara. Tsohon dillalin gidaje ne, ƙato, mai dariyar da ake ji daga tsallaken titi, ga farin jini ga ƙashin arziki. In suka je kamun ƙaguwa tare, bokitin Kel ne ke fara cika. Tumatirin da Des ya sha wahalar yi wa taki da ban-ruwa sai ya ƙi, wanda ya tsiro da kansa a gindin famfon Kel ya yi 'ya'ya har ana raba wa maƙwabta. Des ya karɓa ya ce an gode, ya shiga gida ya ce wa matarsa Marlene ba su da ɗanɗano ko kaɗan.

Abu ɗaya Des yake da shi wanda Kel ba shi da irinsa, shi ne Dulcie. Tafi-da-gidanka ce ta katako, ɗaki guda mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, mai kumburin baya kamar ƙwai. Mahaifinsa ne ya ƙera ta da hannunsa a 1959, ya sa mata sunan matarsa. Kowace Kirsimeti, wadda a wajenmu a tsakiyar zafi take faɗowa, sai ya ja ta da iyalinsa zuwa Port Victoria su yi mako biyu a bakin teku. Tsohon yana da wata al'ada. Ranar da suka isa, sai ya tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya a jikin bangon da ke kallon ƙofa, ya ɗora littafi a kansu, ya ja layi da fensir, ya rubuta suna da shekara.

Shekarar da mahaifin Kel ya rasu, su biyun suna da shekara goma, tsohon ya tausaya ya ce a taho da maraya. Ya auna Des, ya auna Kel. Layin Kel ya ɗara. Tsohon ya shafa kansa ya ce, "Kai dai za ka yi tsawo, yaro." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma kafin shayi ya tafasa ya manta. Des kuwa da kowa ya tafi wanka sai ya dawo ya auna tazarar da hannunsa: yatsu biyu cif. Mako biyun nan yana kallo uwarsa na ƙara wa Kel yankan burodi, ubansa na koya masa ɗaurin ƙugiya. Tun ran nan kishi ya shige shi kamar ƙayar da ta karye a cikin nama.

Da ya yi ritaya, shekara tara ya kwashe yana gyaran Dulcie. Duk wani katako da ya ji jiki ya sake shi, duk wani noti ya kwance ya wanke ya mayar. Bangon awo ne kaɗai bai taɓa ba. Sau ɗaya ya ɗauki samfefa zai goge layin Kel, sai ya ga ai rubutun hannun ubansa ne, ya ajiye.

To, bara gwiwoyin Marlene suka ce sun gaji da matattakala. Aka samar musu ƙaramin gida a rukunin gidajen tsofaffi da ke Kadina, inda doka ta ce mota ɗaya rak kowa zai ajiye. 'Ya'yansu biyu, ɗaya na Darwin ɗaya na Perth, kowanne ya ce ba shi da wurin ajiye ta. Dole a sayar da Dulcie kafin ƙarshen Maris. Kuɗin bai dami Des ba. Abin da ke cinsa shi ne hannun da za ta faɗa.

Ana cikin haka sai ga Kel ya sa tasa tafi-da-gidanka a kasuwa. Wata ta kwano ce da ya saya da arha ya shafe da shuɗin fenti cikin Asabar uku. Ya ja ta zuwa North Beach, inda motoci ke hawa kan yashi, ya shimfiɗa tebur da butar shayi, ya kifa malafa, matarsa ta ɗauke shi bidiyo na minti biyu rana na faɗuwa a bayansa. Har da nuna kusurwar da ta ruɓe, yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Nan kam sai kun gyara, ba zan rufe ku ba. Amma don Allah ku dubi wannan rana!" Ya sa a zauren masu tsofaffin tafi-da-gidanka na intanet. Mutum dubu talatin suka kalla, kwana biyu aka zo aka ja ta.

Des ya shige rumfarsa ya kalli bidiyon sau goma sha ɗaya. Da Marlene ta kama shi, cewa ya yi kurakuran yake dubawa.

"Mutum ya nuna ruɓa ƙiri-ƙiri, a tafa masa," in ji shi. "Duniya ta lalace. Ɗauko wayar nan, yau za su ga abin da ake kira aiki."

Bidiyon Des minti arba'in da bakwai ne. Rabinsa a kwance yake ƙarƙashin Dulcie, ba a ganin komai sai tafin takalmansa da bakin sukudireba tana tsokanar katako kusurwa bayan kusurwa. Sannan ya rufe Marlene a ciki, ya yi minti goma yana fesa wa rufin ruwa da tiyo, don a ga ba ta yoyo. Fuskarsa ba ta fito ba ko sau ɗaya. Bayan mako guda mutum goma sha tara ne suka kalla. Sharhi ɗaya ne a ƙasa, na Kel: "Wannan shi ne aikin hannu na gaskiya." Des ya ce ba'a ce.

"Des, mutane ba ƙusa suke son saya ba," in ji Marlene. "Hutu suke son saya."

"Wanda ba ya son ganin ƙusa bai cancanci Dulcie ba."

"To sai ka sayar wa sha taran nan naka. Shida daga ciki ma yayata ce, hannunta ke kuskurewa."

Kwana uku yana gunaguni, a na huɗu ya sayo malafa. Ya ce wa Marlene ta ɗauko mayafin tebur da butar shayin uwarsa, yammacin nan za su North Beach.

A tekunmu akwai ranakun da ruwa ke kwanciya, sau biyu a wata, ya wuni bai ciko ba bai janye ba. Ko yaron goye a garin nan ya san haka, kuma a irin ranar Kel ya ɗauki nasa bidiyon. Des da ya haddace lokutan cikowar ruwa tun yana ɗan firamare, ran nan bai duba ba. Idonsa na kan bidiyon Kel: ƙarfe nawa aka ɗauka, ta ina rana take, a ina aka kafa tebur. Da suka isa daidai wurin ma bai tsaya ba, sai da ya ƙara taku ashirin wajen ruwa, don nasa ya fi ƙyalli.

Sai dai magana ba katako ba ce. Des ya tsaya ƙiƙam a ƙofar Dulcie, malafa har ido.

"Barkanku. Wannan tafi-da-gidanka ce. Tana da taya biyu."

"Haba Des, ai suna gani! Saki fuska mana, sai ka ce wanda za a cire wa haƙori."

"Kel sau nawa ya maimaita?"

"Matarsa ta ce sau ɗaya."

"Sake ɗauka."

Suna kan na goma sha huɗu ruwa ya lashi ƙafar tebur. Des ya duba ƙasa, ya duba teku. Ya faɗa mota ya taka, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ya fito ya tona da hannu, ya cusa tabarma, ya sake takawa. A banza. Ruwa ya kai masa ƙauri, ya kai gwiwa.

"Kada ki kira shi," ya ce yana haki. "Kira kowa a garin nan ban da shi."

"Ai na riga na kira. Wa ke da tarakta in ba shi ba?"

Can sai ga Kel a kan tsohuwar taraktar da yake tura kwalekwalensa ruwa da ita, yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. Lokacin ruwa ya shanye tayoyin Dulcie, yana marin dokin ƙofa. Aka ɗaura sarƙa, aka fizgo mota, aka koma aka fizgo Dulcie. Ita kuwa Marlene da ta gama kiran sai ta koma kan ɗaukarta, ba ta tsaya ba har aka gama.

Da suka hau busasshen yashi, Kel ya sauko ya buɗe ƙofar, ya durƙusa ya shafa daɓen da tafin hannu. Ya sake shafawa. Ya juyo ya ɗaga hannun ga waya.

"Jama'a, gani ya kori ji. Rabin awa tana cikin teku, ko ɗigo babu. Da tawa ce da yanzu ƙaguwa na shan shayi a kan gado. Duk faɗin ƙasar nan babu mai hannun Des Pascoe, ni na faɗa."

Sai idonsa ya faɗa kan bangon da ke kallon ƙofa. Dariyar ta ɗauke. Ya matsa kusa ya daɗe yana kallo, sannan a hankali ya ce, "Ashe har yanzu ina nan."

Marlene ba ta nemi izini ba ta sa bidiyon. Kafin mako ya zagayo mutum dubu ɗari biyu sun kalla. Ka ce Des zai yi murna? Ina! Ya zauna da tabarau yana bin sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wane ne wannan tsohon mai tarakta? Allah ya ba mu maƙwabci irinsa. A ba shi shiri a talabijin. Shi kuwa mai kayan yana can gefen hoto, jiƙe har ƙugu, malafa ta tafi da ruwa, an ma sami mai tambaya ko direba ne. Waya ta yi ta ƙara, kowa ya kira sai ya fara da, "Da Kel nake magana?" Dulcie tasa, gumi nasa, shekara tara tasa, suna na Kel. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci. Kwana uku ya yi a ƙarƙashinta da tiyo yana wanke gishiri, yana zagin da ba a jin ƙarshensa.

A rana ta ukun Kel ya leƙo ta kan katanga da fastin nama guda biyu a takarda, irin gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki.

"Fito ka ci, tsoho, kafin ka narke."

"Na ƙoshi."

"To ji nan. Sayar min da ita."

Des ya fito da kansa daga ƙarƙashi.

"Kana tsammanin don me na rabu da tawa?" in ji Kel. "Tun ranar da Marlene ta gaya wa matata za ku tashi na share mata rumfa. Duk abin da wani ya taya, na biya. Makulli ɗaya ya zauna a wurinka, duk ranar da ka ga dama ka zo ka ja abarka. Kadina ai nan da nan ce." Ya juya takardar a hannunsa. "Mako biyun nan, Des, su ne kaɗai hutun da na taɓa yi ina yaro. Babanka ne ya fara ce min zan zama wani abu."

Da wani ne da nan zuciyarsa ta karaya. Shi Des abin da ya gani daban. Ya ga Kel tsaye a ƙofar Dulcie da malafa, a taron masu tsofaffin tafi-da-gidanka, mutane sun kewaye shi. Ya ji 'yan gari na cewa, ga ta Kel can, wadda ta shiga teku. Yankan burodin, da ƙugiyar, da hannun nan a ka, yanzu kuma har da ɗakin gaba ɗaya.

"An riga ka," ya ce.

Ƙarya ce, kuma a iya saninmu ita ce ta farko da ya taɓa yi a kan ciniki.

Don ta zama gaskiya, washegari ya kira wasu matasa, miji da mata daga Adelaide, waɗanda suka fi kowa naci. Suka zo ranar Asabar da tef ɗin awo. Ba su leƙa ƙarƙashi ba, ba su gwada gado ba, ba su tambayi murhu ba. Suka zagaya baya suna auna bangon da ke kallon ƙofa daga waje, mijin na faɗa matar na rubutawa. Kel ya yafito Des zuwa katanga.

"Des, buɗe idonka. Wanda ya auna bango bai gwada gado ba, ba kwana zai yi a ciki ba. Taga za su yanka, gahawa za su sayar a bakin kasuwa."

"Wa ya tambaye ka?"

"In ba ka so ni, na ji. Ba wa wani. Akwai wani dattijo a Mildura da ya kira sau uku, shi hutu zai riƙa zuwa da ita. Kada dai ka ba waɗannan."

Kafinta ya fi kowa sanin abin da awo ke nufi, kuma Des ya gane tun kafin a gaya masa. Amma tunda daga bakin Kel ta fito, sai ta zama abin ƙi. Ya dai tambayi matar me za su yi da ita, ta yi murmushi ta ce za su riƙe ta kamar jaririya. Ya karɓi wannan amsa don ita yake nema. Ya ɗaura musu Dulcie da hannunsa, ya gwada fitilu, ya tsaya a titi har suka sha kwana. Kel ya shige gida.

A watan Afrilu suka koma Kadina. Wata safiya a watan Mayu suna karyawa, Marlene ta daɗe tana kallon wayarta, sannan ta kife ta a kan tebur.

"Mene ne?"

"Ba komai. Sha shayinka."

Ya miƙa hannu ya ɗauka. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, da kiɗa mai daɗi. Ga Dulcie a wani garejin birni. Ga mijin da zarton lantarki, matar na tafi. Zarton ya shiga, ya bi layi tsaf, ya sauko, ya juya. Bangon ya faɗo waje, haske ya shiga har kan gadon da aka haifi mafarkin yarintarsa. Aka nuna ta an shafe da ruwan hoda, da kanta da injin gahawa. Mutum rabin miliyan sun kalla, kowa na cewa an raya tsohuwa.

Des ya ajiye wayar. Ya zaro sukudireba daga aljihu ya sa a aljihun tebur, ya tura. Bai zargi yaran ba, saye suka yi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, kuma ya san wanda ya ce masa bari.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, a-kori-kurar Kel ta tsaya a ƙofar gidan. Ya sauko da ƙyar, don shi ma baya ya fara ba shi matsala, ya jawo wani fallen katako nannaɗe da bargo, ya jingina shi da bango.

"Awa biyu zuwa Adelaide, awa biyu dawowa," in ji shi. "A kan tulin sharar yaran nan na same shi, saura kwana ɗaya a kwashe. Sun ɗauka na haukace."

Ya yaye bargon. Ga layukan nan duka, na Des, na ƙannensa, na 'ya'yansa, kowanne da suna da shekara.

"Ai da ka riƙe," in ji Des. "Kai ka je. Rumfarka ma ba komai a ciki."

"Na so in riƙe, ba zan ɓoye maka ba. Amma rubutun babanka ne."

Marlene ta ce bari ta ɗora ruwan shayi, ta shige ta bar su. Des ya durƙusa a gaban katakon, ya nemo 1964. Desmond. Kelvin, a sama kaɗan. Shekara sittin yana kallon tazarar nan, bai sake aunawa ba tun ranar farko. Ya ɗaga hannu ya ɗora ɗan alinsa, yatsan tsohon kafinta mai kauri da kanta, a tsakanin layukan biyu.

Yatsa ɗaya ya rufe ta ruf.

Ya daɗe a durƙushe, yatsan na nan a kan katakon, ya kasa ɗago kai ya dubi Kel.